Masunta da Baƙi a Tsibiran Lofoten na Arewacin Norwe

Tsibiran Lofoten jerin duwatsu ne da suka ɓalle daga gaɓar arewacin ƙasar Norwe suka kutsa cikin teku, kuma dukkansu suna arewa da layin da masana labarin ƙasa ke kira da'irar Aktik, wato iyakar da in an ƙetare ta ake samun kwanakin da rana ba ta faɗuwa a tsakiyar shekara, da waɗanda ba ta fitowa a ƙarshenta. A garin Svolvær rana takan kwana a sama tun daga ƙarshen Mayu har tsakiyar Yuli, sa'an nan ta ɓace ɗungurungum daga farkon Disamba zuwa farkon Janairu. Ƙasar noma ba ta taka kara ta karya ba, domin a wurare da yawa dutse yakan tashi tsaye daga bakin ruwa, ya bar wa mutum 'yar siririyar gaɓa kawai da zai kafa gida. Duk da haka an zauna a wurin shekaru dubbai, kuma mazaunansa a yau sun kai kimanin 24,000. Tarihin wannan zama ba ya rabuwa da tarihin masu zuwa su koma, domin tun ƙarni na 12 tsibiran ba su taɓa rayuwa da mazaunansu kaɗai ba.

Abubuwa biyu ne suka sa wurin ya zaunu. Na farko igiyar ruwan ɗumi ce da ke tasowa daga mashigin tekun Meziko ta ratso Atilantika ta biyo gaɓar Norwe, wadda saboda ita tekun Lofoten ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu. Na biyu kifi ne da mutanen ƙasar ke kira skrei, wato babban kifin kod da ke girma a tekun Barents, can arewa da Norwe da Rasha, wanda idan ya balaga yakan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa kudu domin ya zuba ƙwai a Vestfjord, faffaɗan ruwan da ke tsakanin tsibiran da babban yankin ƙasa. Yana isowa a Janairu, ya yi yawa a Fabrairu da Maris, ya juya a Afrilu.

Lokacin zuwan nasa ne ya mai da shi dukiya. Yana zuwa daidai watannin da iska take da sanyin da ya hana ƙuda da ruɓa, amma bai kai tsananin da zai daskarar da naman ya farfasa shi ba, saboda haka ana iya busar da shi ba gishiri ba hayaƙi, a ƙasar da gishiri yake da tsada, itace kuma yake da wuyar samu. Yadda ake aikin bai sauya sosai ba har yau. Akan yanke kan kifin, a farke cikinsa a ware hanta da ƙwai, a haɗa guda biyu masu girma ɗaya a ɗaure wutsiyoyinsu, sa'an nan a rataya su a kan dogayen sanduna da aka gicciya bisa turaku, abin da ake kira hjell. Nan kifin zai zauna har watan Yuni, ya rasa kusan kashi 4 cikin 5 na nauyinsa, ya ƙandare ƙam, kafin a shigar da shi rumbu ya ƙarasa bushewa. Daga nan sai aikin vraker, wato gwanin tantance kifi, wanda yakan ɗauki kowane ɗaya ya duba launinsa da kaurinsa, ya shinshina shi, ya jefa shi cikin ɗaya daga darajoji kusan 20, waɗanda wasunsu har yanzu suna ɗauke da sunayen tsofaffin kasuwanninsu, irin su Bremen da Holan da Ankona. Kifin da aka yi wa haka yakan yi shekaru bai lalace ba, ga shi ba nauyi.

Kafin ya zama hajar fatauci, arzikin manyan arewa a kan wasu abubuwa yake. Wani attajirin yankin mai suna Ottar, wanda ya ziyarci fadar Sarki Alfred na Ingila wajen shekarar 890, ya shaida wa sarkin cewa yawancin dukiyarsa daga harajin da al'ummar Sami ke biyansa take, na fatu da gashin tsuntsaye da igiyoyin jirgi. Sai wajen 1100 ne cinikin kifin ya kankama, lokacin da birane suka yawaita a Turai, cocin Katolika kuma ya wajabta ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a da kwanaki 40 na azumin da ke gaban bikin Ista. Littattafan tarihin sarakunan Norwe sun ce Sarki Øystein, wajen 1120, ya gina coci da ɗakunan kwanan masunta a Vågan, kusa da garin Kabelvåg na yanzu. Irin wannan ɗaki shi ake kira rorbu, kuma ginin da sarki ya yi shaida ne cewa tun a lokacin baƙin masunta suna zuwa da yawan da ya isa a yi musu tanadi, a kuma karɓi haraji a hannunsu.

Kifin ba ya tafiya Turai kai tsaye. Da bazara akan loda shi a jiragen da ake kira jekt, masu faɗin ciki da ƙyallen iska guda ɗaya, a gangara da shi birnin Bergen da ke kudu, inda 'yan kasuwar Jamus na ƙungiyar Hansa, wato haɗakar biranen ciniki da Lübeck ke jagoranta, suka kafa ofishinsu wajen 1360. Tun a 1294 sarki ya hana su wuce Bergen zuwa arewa, don haka mutumin arewa ne ke kawo kaya, Bajamushe kuma ya karɓa ya ba shi hatsi da tufa. Cinikin na bashi ne: ɗan kasuwa yakan ba masunci hatsin bana a kan kifin baɗi, ya rubuta a littafi, masuncin kuma ba shi da ikon kai kifinsa wurin wani sai ya biya, bashin da sau da yawa ɗa ke gada daga ubansa. Ba adalci ba ne a kira tsarin zalunci zalla, domin a shekarar da kifi ya ƙi zuwa wannan bashi ne ke hana yunwa cinye gida. Amma shi ne kuma ya sa ribar ta taru a Bergen da Lübeck, arewa kuwa, bayan dusashewar Vågan, ta yi ƙarnoni ba birni ko ɗaya. Ofishin Hansa ya rufe a 1754, 'yan kasuwar Bergen suka ci gaba da cinikin a kan tsohon tsarinsa.

Bayani mafi daraja game da zaman mutanen tsibiran a wancan zamani ya fito ne daga baƙon da bai yi niyyar zuwa ba. Pietro Querini, ɗan kasuwa kuma shugaban jirgi daga birnin Benis na Italiya, ya taso daga tsibirin Kirit a 1431 zai kai kaya arewacin Turai, guguwa ta lalata jirginsa, igiyar ruwa ta yi ta jan kwalekwalen da ya tsira a ciki har ta yar da shi a wani tsibiri kusa da Røst, ɗaya daga tsibiran Lofoten, a Janairun 1432. Cikin mutum 68 da suka taso, 11 ne suka rayu. Masuntan Røst suka same su, suka raba su gida-gida, suka ciyar da su wata 3. A rahoton da ya rubuta bayan komawarsa, Querini ya bayyana mutane kimanin 120 da ba sa kulle ƙofa, waɗanda kifi ne kuɗinsu, ya kuma bayyana yadda suke dukan busasshen kifin da bayan gatari har ya yi laushi kafin su dafa shi da man shanu. Mutanen yankin Benis suna danganta shigar kifin cikin girkinsu da wannan tafiya, kuma har yau Italiya ce ke sayen mafi kyawun kifin Lofoten.

Yawancin masu kama kifin ba 'yan Lofoten ba ne. Manoma ne daga duk tsawon gaɓar, daga Trøndelag da Helgeland a kudu har Troms a arewa, waɗanda ke barin gida bayan Kirsimeti su dawo a Afrilu da abin biyan haraji da sayen hatsi, kamar dai yadda manomin ƙasar Hausa ke tafiya cin rani idan ya gama girbi. Rabin aikin irin wannan gida, rabin da marubuta tarihi suka daɗe ba su kula da shi ba, a hannun mace yake, domin ita ce ke riƙe da shanu da tumaki da yara da tsofaffi cikin duhun hunturu, ita ce kuma ke shafe watannin kaka tana haɗa guzurin mijinta. A akwatin katakon da kowane masunci ke tafiya da shi akwai busasshiyar gurasa mai faɗi, da man shanu, da rigunan ulu, da safar hannu da aka saƙa da kauri ƙwarai don ta riƙe ɗumi ko ta jiƙe da ruwan teku. Jiragen buɗaɗɗu ne, mafi girmansu shi ne fembøring mai ɗaukar mutum 5 ko 6, ana tuƙa shi da filafili da ƙyallen iska. Da dare mutum 8 zuwa 12 sukan cunkushe a rorbu guda, biyu-biyu a gado, jiƙaƙƙun tufafi na rataye bisa murhu, gangar hantar kifi na ajiye a zaure. Hatsarin ba ya misaltuwa, domin a guguwar ranar 11 ga Fabrairun 1849 ɗaruruwan masunta ne suka halaka a yini guda. Duk da haka, a ƙarshen ƙarni na 19 masu zuwa kamun sun haura 30,000 a shekara, wato sun fi mazaunan tsibiran na yau yawa.

Inda baƙi suka taru haka, wanda ya mallaki masauki shi ke da iko. Daga ƙarshen ƙarni na 18 gwamnati ta fara ba 'yan kasuwa izinin zama a arewa don a rage dogaro da Bergen, abin da ya haifar da væreier, wato mai ƙauyen su, mutumin da ya mallaki ƙasar tashar jirage gaba ɗaya har da ɗakunan rorbu da sandunan shanya da kanti, ya zama shi ne mai ba da hayar ɗaki, shi ne mai sayar da gari da taba, shi ne kuma mai sayen kifi a farashin da ya ga dama. Dokar 1816 ta ƙara masa ƙarfi da ta yanka tekun gunduwa-gunduwa ta haɗa kowane yanki da ƙauyen da ke gabansa, ta yadda masunci ba ya iya bin kifi zuwa inda ya koma. Dokar 1857 ce ta warware wannan, ta ce teku na kowa ne, ta ɗora kula da kamun a hannun jami'an gwamnati. Rikicin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne na Trollfjord a watan Maris na 1890, lokacin da kifi ya cika wani ƙuntataccen mashigi, masu jiragen tururi suka tare bakinsa suka hana ƙananan jirage shiga, masuntan kuma suka far musu da filafilai duk da tafasasshen ruwan da aka riƙa watsa musu. Amma nasarar da ta fi wannan tasiri ita ce dokar ɗanyen kifi ta 1938, wadda ta ba ƙungiyar masunta ikon tsayar da mafi ƙarancin farashin da za a sayi kifi a bakin tasha, ta karya abin da ya faro tun zamanin Hansa, wato mai saye shi kaɗai ke yanka farashi.

Baƙi na wani iri, masu zuwa kallo, sun fara ɓullowa ne a ƙarni na 19, bayan sunan yankin ya yaɗu saboda Moskstraumen, mahaukaciyar igiyar ruwa da ke juyawa tsakanin tsibiran Moskenes da Værøy, wadda Edgar Allan Poe ya gina gajeren labari a kanta a 1841 ya kambama ta fiye da yadda take. Sarkin Jamus Wilhelm na 2 da kansa ya sauka a Digermulen a 1889. Abin da ya haɗa bukatar mazauni da ta mai ziyara shi ne jigilar Hurtigruten, wadda Richard With ya fara ranar 2 ga Yulin 1893 daga Trondheim zuwa Hammerfest da jirgin tururi mai suna Vesteraalen. Kafin nan wasiƙa takan yi makonni a wannan hanya da bazara, ta yi watanni da hunturu, domin ba mai yarda ya yi tafiyar dare a ruwa mai duwatsu da ƙarancin fitilu. With ya dogara da bayanan alƙibla da na tsawon lokaci da aka tara tsakanin kwana da kwana, ya mai da tafiyar ta 'yan kwanaki. Daga baya hanyar ta miƙe daga Bergen har Kirkenes kusa da iyakar Rasha, tana tsayawa a tashoshi 34, jirgi ɗaya na ɗauke da buhun wasiƙu da akwatin kifi da marar lafiya mai zuwa asibiti da Baturen Ingila mai son ganin rana da tsakar dare.

A 1947 aka yi kamun da ba a taɓa yin irinsa ba, kusan tan 146,000, sai dai inji ya riga ya shiga jirage tun farkon ƙarnin, jiragen suka girma suka sami wurin kwana a ciki, masunci bai ƙara bukatar rorbu ba, hannun da ake nema kuma ya ragu. Ƙauyukan da ba su da tasha mai kyau ko hanyar mota, irin su Måstad a tsibirin Værøy, suka watse daga shekarun 1950. Kifin kansa ya ja baya saboda yawan kamu a tekun Barents, har a Afrilun 1989 hukuma ta tsayar da kamun masuntan gaɓa, daga 1990 kuma aka yanka wa kowane jirgi kasonsa. Kason ya taimaka wajen farfaɗo da kifin, tare da yarjejeniyar da Norwe da Rasha ke yi kowace shekara tun 1976, amma ya mai da izinin kamu wata kadara mai tsada da saurayi ɗan ƙauye ba ya iya saye cikin sauƙi.

A ƙarni na 20 ne Najeriya ta shiga tarihin Lofoten. Busasshen kifin Norwe ya isa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka, ya samu karɓuwa saboda ba ya bukatar firji, zuwa shekarun 1950 kuma Najeriya ta zama cikin manyan masu sayensa. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ƙungiyoyin agaji na coci-coci sun yi ta jigilarsa zuwa yankin gabas domin ceto yaran da tamowa ke kashewa. Ibo suna kiransa okporoko, Yarbawa kuma panla. Kasuwar ta raba kifin gida biyu, jikin mai daraja ta ɗaya ya tafi Italiya, kawuna kuwa, waɗanda a da ake niƙawa a yi taki, yanzu a zura musu igiya a shanya su tsibi-tsibi su nufi Legas da Aba, daga can wani kaso ya hau mota zuwa kasuwanni irin su Sabon Garin Kano. A ƙasar Hausa bai kori bandar tafkin Chadi daga tukunya ba, amma darajar naira da dokokin shigo da kaya na Abuja suna cikin abubuwan da mai shanya kifi a Lofoten ke sa wa ido kowace shekara.

Ɗakunan rorbu da masunta suka bari su ne suka zama harsashin sana'ar saukar baƙi ta yanzu. Tun shekarun 1960 masu su suka fara ba masu hutu hayarsu da bazara, jan fentinsu kuma, wanda asalinsa fenti ne mai araha da ake haɗawa da man hantar kifi, ya zama alamar da ake tallata tsibiran da ita. Gadoji da hanyoyin ƙarƙashin teku sun haɗa manyan tsibiran, a Disambar 2007 kuma aka buɗe hanyar Lofast, wadda ta sa mota ke iya zuwa daga babban yankin ƙasa har ƙauyen Å ba tare da hawa jirgin fito ba. Hotunan ƙauyen Reine da filin ƙwallon Henningsvær da suka bazu a intanet suka ƙarasa aikin, ana zuwa da bazara don rana ta tsakar dare, ana zuwa da hunturu don koren hasken da ke kewaya sararin arewa. Musulmin da ya je a waɗannan watanni yakan tarar da mas'alar da 'yan'uwansa mazauna birnin Tromsø suka daɗe da fuskanta, ta salla da azumi a inda rana ba ta faɗuwa, wadda da yawansu suka warware ta hanyar bin lokutan Makka.

Nauyin wannan sabon ayari ya faɗo ne a kan ƙananan hukumomi masu mutane ƙalilan, irin su Moskenes, inda Reine take, wadda mazaunanta ba su wuce kimanin 1,000 ba. Dokar 1957 ta tabbatar da tsohuwar al'adar allemannsretten, wato haƙƙin kowane mutum, ɗan ƙasa ko baƙo, ya ratsa ƙasar da ba a noma ba, ya kafa tanti ya kwana, ko ta wane ce, muddin ya nisanci gidaje da mita 150. Al'ada ce mai kyau da ta cancanci a kare ta, amma ba a tsara ta da lissafin dubban motocin da ake kwana a cikinsu, masu cika siraran hanyoyi a watan Yuli ba. Turbar hawa dutsen Reinebringen ta zaizaye har duwatsu suka riƙa gangarowa kan masu hawa, sai da aka ɗauko magina 'yan ƙabilar Sherpa daga Nepal, suka fara aiki a 2016, suka shimfiɗa matakala ta dutse fiye da 1,500. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne sha'anin gidaje, domin gidan da ake ba baƙo haya kwana-kwana ya fi kawo kuɗi a kan wanda aka ba malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya haya shekara-shekara, kuma ƙauyen da ma'aikatansa suka rasa wurin zama ba ya daɗewa da makarantarsa a buɗe. A 2025 majalisar dokokin Norwe ta amince wa ƙananan hukumomin da baƙi suka yi wa yawa su karɓi harajin kashi 3 cikin 100 a kan kuɗin masauki, a kashe shi kan makewayai da wuraren ajiye motoci da gyaran turbobi, hukumomin Lofoten kuwa suna cikin waɗanda suka fi daɗewa suna neman a yi hakan.